Malam Hamadu Kafinta da Ginshiƙan Masallacinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce ƙafata ta kumbura, ruwa kuma ya cika lungunmu a unguwar New Bell ta birnin Duwala, ban fita asuba ba, ban fita azahar ba. Ina kwance ina jiran a buga ƙofa, don na saba in na yi fashin jam'i, Malam Hamadu Kafinta zai zo ya leƙo ni. Ba wanda ya zo. Sai dab da la'asar babban ɗansa Umaru ya sauka daga bensikin, babur ɗin haya, wandonsa duk laka, ya durƙusa ya gaya mini mahaifinsa ya cika da asuba, har an kai shi makwanci. Da ya tafi na kasa tashi in rufe ƙofa. Ba baƙin ciki kaɗai ne ya kama ni ba, har da tsoro.

Wanda bai san masallacin unguwarmu ba ba zai gane marigayi ba. Fataken goro ne suka gina shi tun ba a haife mu ba, da jan bulo, a kan duwatsun da suka tara saboda ambaliyar Duwala. Ƙofarsa gajeriya ce, sai ka sunkuya. Tagoginsa ƙanana ne can sama, iska ta shiga, ruwa bai shiga ba. Da yake ruwan garin nan ba ya barin ginin laka, sai suka lanƙwasa katako a kan mihirabi, suka yi baka irin ta sorayen da suka baro a Arewa. Ginshiƙan jan katako ne ke ɗauke da rufin, kowane tsoho kuma yana da nasa da yake jingina.

Malam Hamadu ne ya riƙe ginin nan tun yana da baƙin gashi. Duk farkon damina sai ya bi gareji-gareji yana roƙon baƙin man da aka juye daga mota, ya shafe gindin ginshiƙai saboda gara. Mu yi ta mita rigunanmu sun ɓaci, shi kuwa ya ce wanda ke son farar riga ya je ya yi shawara da gara. Yakan ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa, ya kara kunne. In an sallame kuma, kafin ya nemi takalmansa, sai ya bi ginshiƙai da ido. Ginshiƙin da ya ga babu mai shi, gidan mutumin zai nufa.

Ni matata ta rasu, ba mu bar ɗa ba, 'yan'uwa duk sun riga ni. Da yake na yi aikin ofis a tashar jiragen ruwa, daga bakin ƙofa yake ɗaga murya: "Akawu, ka mutu ne, ko lalacin 'yan boko ne?" In na amsa, ya ajiye kofin shayi ya wuce.

Akwai shekarar da aka ɗauke shi gyaran rufin wani tsohon coci a ƙauye, kan hanyar Edea. Wasu sun ga laifinsa, bai kula ba. Ya dawo yana ba mu labarin hasumiyar ƙararrawa da ta tsage, da bencinan da suka lotse don zama, da yadda mutanen suka hana shi canza ko ɗaya, don kowa ya san inda kakansa ke zama. Ya ce ranar ya ji kunyar yadda muke raina namu.

'Yan kasuwar da suka zo daga baya sun daɗe suna son a rushe masallacin, a yi bene, shaguna a ƙasa, sallah a sama. Ban ce mugun nufi gare su ba, don wurin ya yi mana kaɗan. Malam Hamadu ne dai kullum ke miƙewa a taro ya ce: "Ku faɗaɗa ta baya, ku bar sahu a ƙasa. Tsoho ba ya hawa bene."

Jiya na lallaɓa da sanda wurin gaisuwa, na ji ana zancen rushewar cikin Faransanci, ana zaton ba na ji. Ranar Juma'a za a yanke shawara. Na tambayi Umaru wa zai san da wanda bai iya hawa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Akawu, ai akwai waya, sai ka kira." Mutumin da ya faɗi a ɗaki shi kaɗai, ta yaya zai kira?

Ban taɓa magana a taron masallaci ba, marigayi ke yi mana. Ranar Juma'a zan miƙe, ko da muryata za ta yi rawa.

Allah Ya jiƙan Malam Hamadu, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna Dudu mai ɗakinsa haƙuri, Ya albarkaci Umaru da ƙannensa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa akwai mai shafa mana ido.