Rijiyar Nababa a Bayan Majema

Duk wanda ya girma a Randagi bayan samun 'yancin kai ya san Nababa mai haƙar rijiya. Wani ɗan gajeren mutum ne, kuma da harshe yake aiki. In ya shiga rami sai ya lashi ƙasa ya kira sunanta: jar ƙasa, marmara, yumɓu, har ya kai yashin da ruwa ke bi.

Da ƙanwarsa Huseina ta roƙe shi ya haƙa mata rijiya, maƙwabcinta Andrawus ya nuna masa tsohuwar majema, inda aka yi shekaru ana zubar da ruwan jima.

"Nababa, anya ba ta yi kusa ba?"

"Haba Andrawus! Majema na gangare, mu muna tudu. Ka taɓa ganin ruwa ya hau tudu?"

To, ashe gangaren ƙarƙashin ƙasa daban yake da na sama. Da Nababa ya kai zurfin gaba shida, sai yumɓun ya yanke, yashi ya karkato daga wajen majema, ya kuma ji ɗan bauri a harshensa. Ya ci gaba da haƙa, don ya riga ya cika baki.

Bayan damina biyu ruwan ya fara wari, 'ya'yan Huseina suka kwanta da ciwon ciki. Ƙaramarsu ba ta tashi ba.

Da hannunsa Nababa ya cike rijiyar. Ya haƙa wasu da dama kafin rasuwarsa, amma ko an yaba masa sai ya ce, "Harshena ya gaya mini gaskiya ranar nan, ni ne na ƙi faɗa."