Fuskar Shugaba da Fasassun Tangaran

Shekara talatin da huɗu Mai Tayil ya yi a durƙushe cikin banɗakunan mutane. Idan ya jera maka tayil, ko allura ba ta samun wurin shiga. Sai gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Likita ya ce ya zaɓa, ko ya bar durƙuso ko ya koma rarrafe. Ya bari, amma fa da mita, don Mai Tayil mutum ne da ko ruwa ka ba shi sai ya ce kofin a karkace yake.

Aikinsa na ƙarshe a gidan wata malamar zane ya yi shi. Ta tarar da shi yana share gutsattsarin tayil zai zubar, ta ce, “Baba, abin arziki kake zubarwa.” Ta nuna masa hotuna a wayarta: tsuntsaye, jiragen ruwa, fuskokin mutane, duk da ɓaraguzai aka haɗa su. Ta ce sunan aikin mozayik. Ya ce bakinsa ba zai iya ba, shi a wurinsa tsince-tsince ne.

Ita ta koya masa hanyar takarda. Ka yi zanenka a takarda mai kauri, ka riƙa manna gutsattsarin a kife, fuskarsu a jikin takardar, bayansu yana kallonka. In ka gama, ka kewaye da katako, ka zuba siminti a kai. Idan ya kame ka juya, ka jiƙa takardar ka ɓare, sai hoton ya fito sumul.

“Abu ɗaya dai, Baba,” in ji ta. “Tun wajen zane za ka juya komai, dama ta koma hagu. In ba haka ba, a baibai zai fito.”

Ya ce, “Yanzu ni za ki koya wa dama da hagu?”

Shekara shida yana yi a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gidansa, bai taɓa kuskurewa ba. Ya yi tantabaru, ya yi kifaye, ya yi lambar gida ga duk wanda ya roƙa. Maƙwabta suka daina zubar da fasasshen kofi, sai su kawo masa. Matarsa, wadda yake kira Shugaba saboda ita ke yanke komai a gidan tun daga kalar labule har lokacin shan maganinsa, ta raɗa masa Sarkin Bola. In ta taka tsinin tayil a tsakar gida, unguwa kaf sai ta ji. Amma ita ce kuma take wanke masa gwangwanayen madara da yake ware launuka a ciki.

Shugaba tana da farantan tangaran guda goma sha biyu masu ruwan ƙasa, a cikin kabad mai gilashi. Ɗaiɗai ta tara su, kuma ko baƙon da ya fi kowa daraja bai taɓa cin abinci a ciki ba. Mai Tayil ya kan tsaya gaban kabad ɗin ya ce, “Wannan kalar fatarki ce sak.” Ta ce, “Taɓa ka gani.”

Ciwon kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Shekarar farko ya ɗauka kewa ce kawai ke damunsa. A ta biyu ya gano abin da ya fi kewa ciwo: fuskarta ta fara ɓace masa. Muryarta tana nan daram, har faɗan tsinin tayil yana ji. Amma in ya rufe ido ya nemi fuskar, sai goshi ya zo babu baki, ko ido ya zo babu hanci. Ga shi Shugaba ta tsani hoto, da ta ga an ɗaga waya take jan mayafi. Abin da ta bari kawai hoton katin shaida ne, wanda ta murtuke a ciki kamar an kama ta da laifi. Tsoro ya kama shi sosai. Yana tsoron ranar da zai tashi ya ga babu abin da ya rage masa sai wannan murtukakkiyar matar da bai sani ba.

Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi, sai ga fuskar gaba ɗaya, tar a ransa: ɗaurin ɗankwalin da ke karkata gefe, murmushin da ke fara tashi daga kusurwa ɗaya ta baki, da tawadar Allah a ƙasan idonta na hagu. Da takalmi ƙafa ɗaya ya ɗingisa ɗakin aiki. Ya zana ta a takarda, bai ɗaga fensir ba sai da ya kama ta duka. Daga nan ya wuce kabad.

Auta, ’yarsu ta ƙarshe, wadda ke aiki a kantin magani kuma take leƙo shi duk Asabar, ta tarar da faranti huɗu sun riga sun zama tsakuwa.

“Baba, kayan Umma ne fa.”

“Ai Umman nake nema,” ya ce, bai ko ɗago ba.

Wata huɗu ya yi a kai. Wahalar tangaran ita ce kalarsa a fuska take, bayansa fari ne fat. Duk gutsuren da ya datse da filaya sai ya duba shi a hasken taga, ya shafa gam, ya kifa. Da ya kifa kuma shi ke nan, ba ya sake ganinsa. Kullum abin da ke gabansa farin fili ne mai tudu da kwari, Shugaba tana can ƙasa ta ba shi baya. Faranti sha biyun nan duk suka tafi. Ɗankwalin da shuɗin butar shayinta ya yi shi, tawadar kuwa da baƙin hannun wani kofi, gutsuren da bai kai ƙwayar wake ba.

Ranar juyawa ya kira Mai Faci, maƙwabcinsa mai gyaran keke, don abin ya yi nauyi. Suka juya simintin kan tebur, takardar ta koma sama. Mai Tayil ya jiƙa soso ya shafa, ya jira, ya fara ɓare takardar daga sama. Shuɗin ɗankwali ya fito. Goshi ya fito. Idanu suka fito suna kallonsa. Ya ƙara ja. Tawadar tana ƙasan idon dama.

Ba tawadar kaɗai ba. Ɗaurin ya karkata ɗaya gefen, murmushin ya tashi daga ɗaya kusurwar. Don gudun kada fuskar ta kuɓuce masa a safiyar nan, ya zana ta yadda yake ganinta, ya manta bai juya zanen ba. Shi, mai dama da hagu.

Mai Faci ya ce, “Kai, ita ce sak.”

“Kai ka aure ta?” Mai Tayil ya ce. “Tashi ka ba ni wuri.”

Siminti ya riga ya kame. Abin da ya rage na tangaran bai cika gwangwani ɗaya ba. Ya rufe abin da tsohon zanin gado ya jingina a bango, ya kulle ɗakin. Mako uku bai taɓa filaya ba. Ya fasa mata farantanta kaf, ya samo wata mai kama da ita, kamar ƙanwar da ba ta taɓa yi ba. Wannan abu ya ci masa rai ba kaɗan ba.

Auta ce ta gaji da shirun. Wata Asabar da hantsi ta ɗauki makulli a kan taga, ta shiga ta yaye zanin. Ta daɗe a tsaye. Da ya biyo ta zai yi faɗa, sai ya tarar tana share ido da bakin mayafi.

“Na sani,” ya ce. “A baibai take. Rufe.”

“Baba, wannan ai Umma ce a madubi. Haka nake ganinta in na tsaya bayanta tana ɗaura ɗankwali.”

Mai Tayil ya buɗe baki zai musa, don musu abincinsa ne, sai ya tuna. Shekara talatin da takwas, kowace safiya, yana bakin gado yana ɗaura takalmi, ita tana gaban madubi ta ba shi baya. Ta cikin madubin take lissafa masa abin da zai sayo, ta ciki take hararsa, ta ciki take yi masa wannan murmushin. Ido da ido Shugaba ba ta iya daɗewa tana kallonsa, sai ta kau da kai ta ce me yake kallo. A madubi ne kawai take tsare shi da ido yadda take so.

Madubin tun bayan rasuwarta ya cire shi ya tura bayan kabad. Shi da Auta da Mai Faci, wanda aka ba haƙuri da kofin shayi, suka ciccibo simintin suka ɗora kan teburin kwalliyarta, suka jingina daidai inda madubin yake a da.

Yanzu ya koma aiki, ya kuma koma mita, wanda Auta ta ce alamar lafiya ce. Kowace safiya yana zama bakin gado ya ɗaura takalmi, ko da tafiyar ba ta wuce ɗakin aikinsa ba. Ya ɗago, tana kallonsa. Fuskar ba ta sake ɓace masa ba. Sai dai a da, tsakaninsa da wannan fuskar akwai bayanta, akwai kafaɗar da yake dafawa in ya miƙe zai fita. Har yau in ya miƙe hannunsa yana zuwa wurin, sai ya sauka kan kujerar da take zama.