Kwatan Incin da Na Ƙara wa Yaya Ilu

Da azumin bana Yaya Ilu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ɗaki ɗaya muka tashi a Rijiyar Lemo, amma da na zauna in rubuta wani abu a kansa sai na rasa ta inda zan kamo shi. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa gane abin da yake ƙullawa da wayoyin nan nasa ba, kuma ba na jin yau na gane.

Ni tela ne, shagona yana Fagge. Shi gyaran fanka da injin ruwa ne sana'arsa, ya ƙware a naɗin koyil, wato jar wayar nan da ake nannaɗewa a cikin inji. Da wannan yake ciyar da gida. Amma zuciyarsa tana wajen mayen ƙarfe na haɗin hannu. Ya ce in ka naɗa waya ka zura ƙarfe a tsakiya ka ba ta wuta, ƙarfen zai koma maye ya jawo 'yan'uwansa, in ka ɗauke wutar ya sake su. Ya yi mini wannan bayani ya fi a ƙirga. Nakan gyaɗa kai in ce ikon Allah, in ci gaba da taka kekena.

Wayar ba ta ba shi wahala. Ƙarfen tsakiyan ne ya hana shi sakat. Ba ya son dunƙulalle, ya ce zafi yake ɗauka, sai fallaye sirara da za a jera su kamar shafukan littafi, kowanne daidai da ɗan'uwansa. To, 'yan ƙarfe falle guda suke sayarwa mai girman ƙyauren ɗaki. Ka ce musu guntaye kake so kamar tafin hannu, sai su dube ka su dubi juna. Shekara da shekaru yana bin 'yan gwangwan yana farke matattun injuna, ya samu goma a nan, biyar a can, ba masu girma ɗaya. Daga baya Allah ya haɗa shi da Oga Emeka, wani Ibo haifaffen Sabon Gari mai yankan ƙarfe a wani lungu bayan kasuwa, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi kaɗai ya yarda ya ɓata yininsa a kan ƙananan yanka.

Shekarar da ciwo ya kama Yaya, ya riga ya gama naɗa wani koyil da ya fi duk na baya girma. Wata huɗu ya yi a kansa. Ramin tsakiya kawai ya rage a cika da ƙarfe. Ƙafafunsa sun kumbura, ko a-daidaita-sahu ba ya iya hawa, sai ya kira ni zaure ya miƙo mini wani guntun kwali da ya yanka da reza. Ya ce, "Ka kai wa Emeka, guda sittin, kamar wannan. Ina so in ga abin nan ya tashi tun ina gani." Mu biyun mun san abin da yake nufi.

A nan ne na yi telancina. Duk wanda ya riƙe almakashi ya san ba a yanka yadi cif da awo. Kana barin rara, don in riga ta yi yawa a rage, in ta matse kuwa ka jawo wa kanka magana. Tun ina koyo aka dasa mini wannan, hannuna ma yana yi ba da sanina ba. Da na ajiye wa Oga Emeka kwalin, sai na ce ya ƙara kwatan inci a kowane gefe.

Ya ɗago ya dube ni. "Malam Ilu ne ya ce?"

Na ce, "Ni na ce. In ya yi yawa ai sai a rage."

Ya ce, "Tela, wannan fa ba shadda ba ce."

Na ji haushi, na ce ɗan'uwana ba shi da lafiya, ba zan kai masa abin da zai gaza ba. Ya ɗaga kafaɗa ya kunna inji. Wallahi a hanyar dawowa daɗi nake ji, ina ganin na yi wa Yaya gata.

Na zube masa su a tabarma. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakin ramin koyil ɗin, ya juya shi, ya sake juyawa, ya ajiye. Ya ce, "An gode, Allah ya yi albarka." Tun daga ranar, duk la'asar in na biyo zan same shi a zaure da magagari, ya matse falle guda yana gurza gefensa, ya huta, ya ci gaba. Na ɗauka haka aikin yake. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa mutum ba lafiya amma ya ƙi barin ƙarfe ya huta. Dariya kawai yake yi. Bai cika wata biyu ba ya rasu. Na kwashe koyil ɗin da fallayen da kwalin na zuba a akwati, na tura ƙarƙashin teburin yanka a shago.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin nan yau. Faifan sola ya hau rufin gidaje har a lungunmu, batir ya zama kayan ɗaki. An ce yanzu ta waya ma ake tura awo, inji ya yanka ƙarfe, a kawo maka har ƙofa. Wani lokaci in ga kamar zai yi murna, ga abin da ya sha yawo a kai ya zo cikin sauƙi. Wani lokaci kuma in ga zai taɓe baki ya ce mutane sun iya saye, ba su iya haɗawa ba. Ban san wanne zai faɗa ba. Abin da na tabbatar kawai, da ta waya aka tura awon nan, da bai biyo ta hannun tela ba.

Wannan kuwa ban san shi ba sai watanni uku da suka wuce. Oga Emeka ya shigo shagona da yadi, za a ɗinka masa kayan bikin 'yarsa. Ya yi furfura, ban gane shi ba, shi ya gane ni. Ya ce, "Tela mai ƙarin kwata!" Da na gaya masa rasuwar Yaya ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Ƙarafan nan sun shiga kuwa?" Na ce ban sani ba. Na jawo akwatin. Ya ɗora kwalin a kan falle ɗaya mai gefe a goge, suka zauna cif. Ya ɗora a kan wani, ƙarfe ya leƙo ta kowane ɓangare. Ya ware su kashi biyu a kan teburina: gogaggu sha tara, waɗanda ba a taɓa ba arba'in da ɗaya.

Ya ce, "Da hannu ya ci wannan? Me ya hana ya dawo mini da su? Aikin rabin yini ne."

Na zauna a kan kujerar keke. Ni kaɗai Yaya yake aike. Kafin a mayar da su, dole sai ya gaya mini na yi kuskure. Tun ranar nake juya abin, ya ƙi zama wuri ɗaya. Tausayina ya ji? Kunyar ƙaninsa ce? Ko fushi ne ya haɗiye, ya ga gara ya gurza ƙarfe da ya sake yi wa mai taurin kai bayani? Wata rana in ji kamar in yi masa faɗa, don da ya buɗe baki sau ɗaya da ya ga abinsa ya tashi. Sai kuma in tuna wanda ya tsaya a kansa yana tsokana.

Oga Emeka ya tafi da arba'in da ɗayan nan, washegari ya dawo da su daidai kwali. Na kira Baba Rasaki, Bayaraben da shagonsa ke jikin na Yaya, wanda shi ma naɗin koyil yake yi. Ya jera sittin ɗin ya tura cikin ramin, suka shige sumul. Na tambaye shi abin na mene ne. Ya ce, "Ilu bai gaya mini ba. Kai da kake ɗan'uwansa fa?" Ya haɗa wayoyin da batirin mota. Ba ƙara, ba haske, har na fara cewa a raina shi ke nan. Sai babban almakashina ya ja jiki a kan tebur, ya tafi ya manne da ƙarfen, ƙwas. Na kama shi da hannu biyu, ya ƙi fita. Baba Rasaki yana dariya, ni hawaye nake yi.

Har yau ban san abin da Yaya ya yi niyyar ɗagawa ko jawowa da shi ba. Bai bar wa iyalinsa gida ba, bai bar suna a sana'a ba, fankokin da ya gyara sun daɗe da mutuwa. Abin da ya rage shi ne wannan abu mai nauyi a kan teburina. In ka duba gefensa za ka ga na inji sun jeru sumul, sha tara kuma suna da ɗan karkace da sawun magagari. Waɗannan su ne la'asar ɗinsa na ƙarshe, ni na cinye masa su, shi kuwa abin da ya ce mini kawai an gode. Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini. Ina nan ina barin rara a yadi, don yadi yana so. Amma duk sanda na ɗora alli zan ƙara kwatan nan, sai hannuna ya tsaya.