Da wace tiya za a auna Dokta Laminu?

Da safen nan ina zuba wa awaki harawa waya ta yi ƙara. Dokta Laminu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ban karya kumallo ba.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, kun sani. 'Yata Rakiya ce ke buga abin da nake faɗi, na kuma gaya mata kada ta gyara mini ko kalma guda.

Ga wanda bai san shi ba, ɗan Kwaya ne, malami a jami'a, kuma karatunsa gardama. Ranar da aka fara gaya mini haka na ce ashe ni ma dokta ne ban sani ba. Ashe abin da gaske ne. Bincike yake yi kan yadda mutane ke kafa hujja, da inda hujjar ke karkacewa mai ita bai lura ba. Duk hutu sai ya zo da 'yar rakodarsa ya zauna wurin sasanta rikicin gona, don ni ake kira in iyaka ta rikice a yankinmu. Ni na san kakan wa ya sare wane daji.

In zai gaishe ni, tun daga nesa yake cire takalmi. Da idona ya fara hazo, shi ya goya ni a bayan moto har asibitin Magariya, ya zauna a benci yini guda yana jirana.

Abokin aikinsa da ya bugo mini ya ƙara da wata magana. Ya ce za a zauna a duba ko za a ci gaba da koyar da darasin Dokta a kuma adana kasusuwan rakoda da ya ɗauka, ko a rufe. Cikin kasusuwan nan akwai muryoyin dattawan da duk sun kwanta dama, ni kaɗai na rage. Wai abin da za a duba shi ne yawan masanan da suka ambaci sunansa cikin rubutunsu.

Wannan awo na san shi, don shi da kansa ya nuna mini a haɗuwarmu ta ƙarshe. Amma bari in fara da gonar Mati.

Shekarun baya Mati da Alhaji Sanusi suka yi rikicin iyaka a Kwaya. Mati kowa ya san shi, a kasuwar awaki sai ya rantse maka tsohuwar akuya budurwa ce. Na saurari kowa, na ba Alhaji gaskiya. Da aka watse Dokta ya biyo ni ya tambayi dalilina. Na ce Mati maƙaryaci ne, garin nan kaf shaida ne.

Ya ce, "Baba, maƙaryaci ba ya gadon gona?"

Na ce na girmi ubansa. Ya ce haka ne, amma shekaruna ba su ne suka dasa iyakar ba. Ya tuna mini abin da ni na koya masa da bakina, cewa mutanen da suna binne albasar kura a kusurwar gona, da rani ta ɓace cikin rairayi, ruwan farko ta tsiro. Ya ce me zai hana a jira ruwa. Na ce ya kashe rakodarsa ya ba ni wuri.

Ya koma aikinsa. Da aka yi ruwan shuka na ɗauki sanda na tafi ni kaɗai. Ga ganyen albasar nan kore shar, can cikin wurin da na ba Alhaji. Na je gaban mai gari na warware hukuncina, Mati ya karɓi gonarsa. Da aka tambaye ni yadda aka yi, sai na ce tunowa na yi.

Ban ambaci sunan Dokta ba.

Bayan kakar da ta wuce muka haɗu a kasuwar Guci, rumfar mai shayi. Ya rame. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani shafi mai sunansa da lambobi a gefe, ya ce da wannan ake auna malami yanzu, kuma nasa bai taka kara ya karya ba, don masu rubutu kan gardamar ƙauye ba su da yawa.

Abin ya ba ni sha'awa, na yi ta tambaya. Wa ke ƙirgawa? Ya ce na'ura. Na ce in wani ya ambace ka don ya ƙaryata ka fa? Ya ce ana ƙirgawa. In abokinka ya ambace ka don kai ma ka ambace shi gobe? Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ma. Sai na ce to wanda ya yi aiki da maganarka amma bai rubuta ba?

Ya ce, "Wannan kam, Baba, kamar ba a yi ba." Ya juya kofinsa, ya ce wani lokaci yakan tambayi kansa ko akwai mutum guda da aikin nan ya amfana.

Maganar Mati tana bakina. Wallahi tana bakina. Sai na ce masa shayinsa zai huce.

Ban sake ganinsa ba.

To yau ga ni ina faɗi a gaban kowa. Gonar da Mati ke ci da iyalinsa, Dokta Laminu ne ya maido masa ita, ba tunanina ba. Kuma tun daga ranar ban sake yanke wa mutum hukunci don halinsa ko don yawan masu zaginsa ba, sai na je na ga ƙasa da idona.

Rakiya ta ce na'urar ba ta ƙirga irin wannan rubutu. Na ji. Za a fitar mini da shi a takarda a Magariya, in dangwala yatsa, Mati ma ya dangwala, in shiga mota in kai musu da kaina kafin su zauna. Ko za su karɓa ban sani ba. Ina dai so in ga fuskar mai awon, in yi masa tambayoyin nan guda huɗu.

Duk wanda maganar Dokta ta taɓa raba shi da kuskure, ya rubuta a ƙasa abin da ya faru da garin da ya faru. Kada ku yi irin tawa.

Allah ya jiƙan Laminu, ya haskaka kabarinsa, ya auna shi da ma'aunin da ba ya mantuwa da komai. Ya ba iyalinsa haƙuri. Ku sa shi cikin addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara, don shi ba zan iya roƙonsa ba kuma.