Tafiyar da Ta Sa Na Ce a Rage Rabon Unguwarmu

Mubi zuwa Michika

Ana sallame sallar asuba na ɗauki jakata na nufi tasha, ko shayi ban tsaya sha ba. Sunana Modu, wake da gyaɗa nake sayarwa a kasuwar Mubi, sana'ar da mahaifinmu ya taho da ita daga Borno. Mutanen unguwarmu ne suka sa ni cikin kwamitin da ke kula da ƙaramin asibitinmu, kuma su suka zaɓe ni in wakilce su a Yola, inda za a saurari jama'a kafin a tsara kasafin ƙananan asibitoci. Saƙon da suka ba ni ɗaya ne: a ƙara mana, muna son fenti da katanga.

A tasha na tarar da Sista Kwanye tana jirana. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Michika, ta yi ritaya, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku. Ita ma an gayyace ta zaman, kuma ita ta matsa mini mu biya ta garinsu kafin Yola.

"Ba Modu, yanzu kowane asibiti rabonsa ɗaya, babba da ƙarami, na gari da na dutse," in ji ta, don Ba Modu take kirana, irin na Barebari. "Kai ka ce adalci ne. Zo ka gani da idonka, in ka gani ka sake faɗa."

Muka shiga wata tsohuwar mota, mutum huɗu a baya, kuɗinta ya kusa ninka na bara. A Mararraba sojoji suka leƙa but ɗin motar, suka ga buhunan albasa, suka ɗaga mana hannu. Muka wuce Uba da Bazza, dawa ta yi kai a gonaki, mata suna ta cirar gyaɗa. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka sauka Michika, muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa a bakin kasuwa.

Ƙauyen bayan dutse

Daga nan mota ba ta zuwa. Muka ɗauki 'yan acaɓa biyu. Ba zan kira sunan ƙauyen ba, don ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba. Hanyar duk tsakuwa ce da hawa, sau biyu muna sauka mu tura. A bakin wani mayo, wato rafi, muka naɗe wando muka tsallaka da ƙafa, masu babur suka ɗaga baburansu ɗaya bayan ɗaya.

Asibitin ɗaki biyu ne. Rufin ɗaya ya yaye tun shekarun gudun hijira, ba a mayar ba. Mata na zaune a gindin tsamiya da yara a cinya, wasu tun duhu suka baro ƙauyukansu. Ma'aikaci ɗaya ne tak, Malam Zira, dogon mutum mai furfura. Shi ne mai allura, shi ne mai awon ciki, shi ne mai shara. Ya nuna mini firjin ajiye magani, ya buɗe, sai ga takardu da tsintsiya a ciki.

"Ya daɗe da mutuwa, Alhaji. Abin da ake ba mu, kafin wata ya raba ya ƙare. Rabinsa a ɗauko magani daga gari yake tafiya."

Na tuna namu asibitin. Daga ƙofarsa in ka tsaya kana hango titi, keke napep na wucewa kowane lokaci, ga kantunan magani a jere, ga babban asibiti kusa.

Muna tsaye muka ji ihu. Maza biyu ne suka shigo ɗauke da wata matashiya a kan ƙyauren ƙofa. Sunanta Masi. Tana cirar gyaɗa kububuwa ta sare ta a ƙafa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Malam Zira ya kwance tsumman da suka ɗaure mata, ya wanke wurin.

"Akwai maganin?" Sista Kwanye ta tambaye shi.

"Ina zan ajiye, Sista? Sai gari."

Babur biyu ne kawai a ƙauyen a wannan lokaci, namu. Na ce wa nawa ya ɗauke ta, mijinta ya riƙe ta ta baya. Sista ta hau ɗayan ta bi su. Da za su tashi Masi ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Baba, na hana ka hawa." Na ce, "Je ki, 'yata, ƙafata lafiya lau."

Ƙarya na yi, gwiwoyina sun daɗe suna ba ni wahala. Da sandar da Malam Zira ya ara mini na gangaro dutsen nan, ina tafiya ina hutawa. A mayo na ga sawun inda suka sauke ta suka goya ta suka ƙetare. Sai bayan la'asar wani mai babur ya tsince ni ya ƙarasa da ni Michika. Na kwana gidan yayan Sista, aka shimfiɗa mini tabarmar sallah a falo, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa. Sista ta dawo ta ce an yi wa Masi allurar, sai dai jinin bai tsaya ba.

Michika zuwa Yola

Washegari da sassafe muka kama hanya. Direban Bafulatani ne mai yawan raha, yana ta zolayar ramukan titi, yana ce musu tsofaffin abokansa. Muka wuce Hong. A Gombi muka tsaya cin abinci, na sayi tsire da burodi. Ina kai loma ta farko wayar Sista ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce "To," ta kashe.

"Masi ta tafi, Ba Modu. Sun ce da an samu maganin tun a can sama, da wataƙila."

Na naɗe tsiren na ba wani yaron tasha da ke wanke mota. Daga Gombi muka wuce Song da Girei. Direban ma ya daina wasa. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne saƙon da aka aiko ni da shi, fenti da katanga. Kafin mu hau gadar Binuwai na san ba zan iya faɗinsa ba.

Yola

An yi zaman a wani babban zaure, fanka na kaɗawa, wakilai daga kowace ƙaramar hukuma. Wadda ke jagoranta darakta ce, mace mai natsuwa, tana sauraron kowa har ya gama. Kowa ya tashi sai ya ce a ƙara wa nasa. Da aka zo kaina na miƙe, gwiwa na ciwo, na ba da labarin Masi tun daga ƙyauren ƙofa har wayar Gombi. Sannan na ce a daina raba daidai. A duba yawan mutanen da ke dogara da asibiti, a duba nisansa da gari, a duba halin da yake ciki, a ba kowa gwargwadon buƙatarsa.

Zauren ya ɗauki guna-guni. Daraktar ta ɗaga hannu.

"Alhaji, ba wai ba mu san wannan ba. Abin da ke hannunmu kaɗan ne, ba zai ƙaru don mun so ba. In na ƙara wa dutse, daga gari zan cire. Ranar da na rage wa Mubi na ƙara wa Michika, za a ce na bi addini ko na bi ƙabila. Raba daidai shi ke hana faɗa."

"Ranki ya daɗe, gaskiya kika faɗa," na ce. "To ni Musulmi ne, Babarbare, daga tsakiyar Mubi. Wadda ta rasu ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba. Ni nake cewa a fara ragewa daga namu."

Wani wakili ya ce da ƙarfi, "Da yawun wa kake magana?"

"Yau da yawuna ne kaɗai. Ku ba ni lokaci."

Daraktar ta dube ni jim kaɗan. Ta ce idan kwamitocin unguwannin cikin gari suka yarda da bakinsu kafin a rufe kasafi, za ta kai maganar sama, a gwada a yankinmu. Ba ta yi alkawarin fiye da haka ba, ni ma ban nema ba. Muka kwana gidan wani abokin cinikina a Jimeta, sauro da zafi suka yi mana rakiya.

Komawa gida

Labari ya riga ni isa Mubi. Ina sauka daga keke napep da yamma na ga mai unguwarmu, Baba Kyari, zaune a kan benci a ƙofar gidana da mutum biyar na kwamiti. Ko ruwa ban sha ba ya fara.

"Modu, mun aike ka ka ƙaro, ka je ka rage?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ba zan yi gardama da ku ba, don ni ma da baki aka faɗa mini ban yarda ba. Ranar Asabar akwai mota zuwa Michika. Ku zo mu je. In kun dawo kuka ce fenti, ni da kaina zan koma Yola in janye maganata."

Baba Kyari ya shafa gemu, ya dubi ƙafafuna da suka kumbura.

"Da ƙafa ka sauko dutsen?"

"Da ƙafa, Baba."

Ya yunƙura ya miƙe, ya gyara rawani. "To, ka gaya wa direba ni zan zauna a gaba."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sista Kwanye da ta ja ni dole, da gidan yayanta da suka karɓe ni kamar nasu, da Malam Zira da har yanzu yake can shi kaɗai. Allah Ya ba iyalan Masi haƙuri. Mu bakwai ne za mu tashi ranar Asabar bayan sallar asuba, kuma akwai sauran wuri a motar ga duk wanda yake ganin na yi kuskure.