Taliya a Gonar Riɗi

Ko me zan manta a shekarun da na yi ina wakilcin gona, ba zan manta da ranar Talatar da na shiga kambo da lori cike da taliya ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna ganin yadda nake faɗa a kan buhun busasshen kifi, kuna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ga mafarin abin.

Lokacin ina riƙe da ɗaya daga cikin gonakin Alhaji Musa guda biyu a yankin Basunda. Ga wanda bai san aikin ba, wakili shi ne idon mai gona. Shi ke ɗauko masu yanka daga Gadarif, shi ke ciyar da su a kambo, wato bukkokin da suke kwana a bakin gona, shi kuma ake tuhuma in abu ya lalace. Ɗaya gonar tana ƙetaren rafi, Malam Haruna ke riƙe da ita. Tare muka fara aiki, na ma girme shi. Amma Haruna irin mutanen nan ne da ko tari suka yi sai an ce sun iya.

A farkon wata na goma, riɗi ya kusa nuna, Alhaji ya kira mu gidansa don mu karɓi kuɗin abincin kambo. Muna shan shayi ya dube ni ya ce, "Ya Adamu, ka ga ɗan'uwanka? Sukari da shayi da sabulu na wata guda ya sayo a rabin kuɗi. Da 'yan takardu kawai. Wallahi Haruna zol ne, mutum mai kai."

Haruna ya sunkuyar da kai yana murmushin nan nasa. Na yi kishi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara goma sha ɗaya ina wa Alhaji aiki bai taɓa cewa ina da kai ba.

Takardun su ne kubon. Wani babban kanti ne da aka buɗe a kasuwa yake raba su, kowace da hoton kaya a jiki. In ka kai ta a rage maka kuɗi, wata kuma in ka sayi kwali biyu a ba ka na uku kyauta. Ban tambayi Haruna yadda yake yi ba, ai da in tambaye shi gara in mutu. Na ce a raina, in shi ya rage a shayi da sukari, ni a abincin kambo gaba ɗaya zan rage, Alhaji ya ga mai kai.

Kwana biyu na yi a gari ina farautar kubon. Na bi masu shayi a tasha, na bi direbobi, na aika gidan surukaina aka zazzage mini na cikin kwanuka. Sai da na cika jakar hannu. Da na isa kanti aka ce mutum ɗaya kubon uku kawai ake karɓar masa. Ban karaya ba. Na tattaro ƙannen matata huɗu da maƙwabcina da ladanin unguwarmu, na jera su a layi, kowa ya shiga ya fito ya canza hula ya sake shiga. Mai karɓar kuɗi ya gane mu sarai, dariya kawai yake yi. Daga baya na fahimci dalilin dariyar.

Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne, kanti ba ya buga kubon sai a kan kayan da yake so ya rabu da su. Taliya, garin lemo, jam na gwangwani. Abincin mai yankan riɗi kuwa sananne ne: tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa da kajek, kifin nan busasshe da mata ke sayarwa a ƙasa a bayan kasuwa. Na je wajen Hajja Zainaba da na saba saye a hannunta, ta faɗi kuɗi, na ce ba ragi?

Ta ce, "Wakili, kifina ba ya karatu, balle ya san takarda."

Sai na ga ai asara ce in sayi abin da ba kubon a kansa. Na bar kifin, na bar kuɓewa, ko dawa ban kai niƙa ba. Na ƙaro taliya.

Ranar Talata na sauke kaya a kambo, mutum arba'in na kallo. Shugabansu, Baba Yakubu, dattijo ne da ya shekara talatin yana yankan riɗi. Ya ɗaga kwali ɗaya ya jijjiga, ya ce, "Wakili, ina kajek?"

Na ce, "Baba, bana abincin birni za ku ci."

Ranar farko an ci ana raha, har da masu neman ƙari. Rana ta biyu, tun hantsi na ga mutane suna zama a gindin kunya suna riƙe ciki. Baba Yakubu ya same ni ya ce, "Ya wakili, abin nan ba ya zama. Kafin mutum ya sunkuya sau ɗari ya narke. Lauje ba ya tafiya da jam."

Na ce su yi haƙuri, kuɗin abinci ya ƙare. Gaskiya ce kuwa, duk na zuba shi a ragi.

Safiyar Juma'a na fito na tarar da mutum tara. Sauran sun ɗaure kayansu sun haye rafi.

Dole in bayyana muku abin da wannan ke nufi. Dawa tana jiranka, riɗi ba ya jira. Da ganyensa ya yi rawaya 'yan kwanaki gare ka ka yanke ka jingine, in ka wuce kwanson ya buɗe ya zubar da ƙwayar a ƙasa, ba mai tsince ta sai tururuwa. Na shiga gefen gabas na gonar, na taɓa kara ɗaya, na ji saf-saf a kan takalmina. Nan na san ba yabon Alhaji ne kawai zan rasa ba, har wakilcin.

Na haye rafi da ƙafa. Tun daga nesa ƙamshin kajek ya tarbe ni, ga mutanena zaune sun kewaye akushi. Haruna ya taso da fara'a ya ba ni wuri. Da ya yi mini dariya da na ji sauƙi, amma bai yi ba.

Na ce, "Kai yaya kake yi da naka kubon ɗin?"

Ya ce, "Yaya Adamu, ni sai na rubuta abin da kambo ke ci, sannan in duba wanne ke da takarda. Uku na samu. Abin da ya ragu kuma na ƙara kifi da shi, shi ke nan."

Ya sa aka ɗauko buhun kajek ɗaya, da kuɓewa, da garin dawa buhu biyu. Ya ce in ba shi taliyar da sauran kayan da na sayo a madadinsu, ba ya so in ji kamar sadaka ce. Ya yi wa Baba Yakubu magana, suka biyo ni kafin la'asar, har ya ƙara mini mutum goma nasa na kwana biyu. Mun tsirar da gonar, ban da gefen gabas, wannan kam tururuwa suka girbe. Alhaji ya tambaya, na faɗa masa gaskiya. Duk da haka ya ce in ci gaba da aiki.

Da aka gama yanka, Alhaji ya zo walimar da ake wa ma'aikata, ya yanka raguna biyu. A kambon Haruna aka yi. Me kuke tsammani aka dafa da naman? Taliyata. Aka dama garin lemona a randa, aka shafa jam ɗina a burodi. Masu yankan da suka guje mata ranar aiki suna lasar yatsa ranar hutu. Alhaji ya cika bakinsa da taliya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ma sha Allah, Haruna! Kai dai ka iya sayayya."

Haruna ya buɗe baki zai ce tawa ce, na harare shi ya yi shiru. Na gwammace a yaba masa da a sake tuna wa Alhaji.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Wakili yakan fara sayayya ne daga cikin mai riƙe da lauje, ba daga takardar mai kanti ba. Kuma in ka ga abokin aikinka ya iya abu, ka haɗiye girman kai ka tambaye shi, tambayar ta fi gefen gona araha. Kishin kuwa, kada in yi muku ƙarya, bai tafi ba. Haruna amini ne yanzu, 'yarsa ma na gidan ɗana. Amma har gobe in aka ajiye taliya a gabana, sai na ji muryar Alhaji yana cewa ya iya sayayya, alhali ni na sa ladani ya canza hula sau uku.