Kanwar da Na Cire daga Tabar Baba

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Amma sai a shekarar da aka koma harbe-harbe a duwatsun Abzin, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, na ga inda rashin haƙurin ya kusa kai mu.

Baba ya fi shekara ashirin yana sauka ramin haƙar uraniyom na Akokan, kusa da Arlit. Tun yana saurayi ya baro Damagaram, da sigarinsa a aljihu. A ƙarƙashin ƙasa ba a sha, saboda haka da motar ma'aikata ta sauke shi, tun bai cire hular kwano ba zai kunna. Tari ya kama shi, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. A bizit, wato gwajin lafiyar da ake yi wa ma'aikata duk shekara, likita ya sa shi ya hura wani bututu, ya daɗe yana duban takarda, ya ce a sake nan da wata huɗu. In numfashin bai gyaru ba, ya gama sauka rami.

Gidan da muke ciki na kamfani ne, ruwa da wuta ma nasu. Ga samari daga Maradi da Tawa sun cika tasha, sun ji ana buɗe sababbin ramukan uraniyom. Ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mai butik ɗin kartiyenmu, wato kantin unguwarmu, wani Bakatsine, shi ya fara kawo shawara. Ya ce Baba ya koma shan mai farin kwali, wai ba ta da ƙarfi. A Arlit tumatir kan yanke, albasa kan yanke, sigari dai ban taɓa ganin ta yanke ba, don ta nan motocinta ke bi zuwa arewa. Baba ya koma mai farin kwali yana ta murna.

Ni ke sharar tsakar gida kullum da safe, don haka ni na fara gani. Guntayen da nake kwashewa sun ninka. Na zauna na lura da shi: yana zuƙa har kumatunsa su lotsa, ya riƙe hayaƙin ya ƙi saki, yatsunsa a damƙe daidai ƙananan hujojin da ke jikin gindin karan. Da ma malamin kimiyya ya taɓa yi mana bayanin nikotin, abin da ke cikin taba mai kama mutum. Jiki ya saba da awonsa, sai ya cike shi ko ta yaya.

Na ce, "Baba, wannan fa ba ragi ba ne. Da kana shan ɗaya, yanzu biyu kake sha, kuma har ƙasan huhu."

Ya ce, "Ke, da ubanki kike magana ko da ɗan ajinku?"

Inna ta harare ni, na ɗauki tsintsiyata. Tarin dai yana nan.

Akwai wani abokin aikinsa, Ba'abzine, dattijo dogo, da muke ce wa Kawu. A shekarar nan mai rawani irin nasa ba ya son yawo cikin gari, tambayoyin shingen soja sun ishe shi. Sai ya riƙa zuwa gidanmu da la'asar yana dafa shayi. Kowa "kai" ne a bakinsa, har Inna. Wata rana Baba na tsakiyar tari, Kawu ya zaro batta, 'yar jakar fata da yake zuba tabarsa, ya ajiye a kan tabarma.

"Hayaƙin ne ke cin ƙirjinka. Sa wannan a kunci, ka bar wuta."

Dakakken ganyen taba ne da kanwa. Baba ya ɗiba ya sa. Ba a jima ba shaƙuwa ta kama shi, zufa ta karyo, ya jingina da bango yana cewa gidan na juyawa. Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Amma ranar Baba bai kunna sigari ba. Washegari ma haka. Aka yi mako uku ban share guntu ko ɗaya ba, tarin asuba ya fara sauƙi.

Dakan ya faɗo kaina, don Inna da ta shaƙi ƙurar ganyen sai atishawa. Kawu ya nuna mini awo: cikin tafin hannu na ganye, kanwa kamar ƙwayar gyaɗa biyu. Na yi ta yi. Sai dai abin bai yi mini ba. Tsakar gidan da nake sharewa ta cika da tabon jan yawu, in Baba ya yi dariya kuma dasashinsa ja wur. Na yi lissafina na 'yar makaranta: nikotin a cikin ganye yake, kanwa kuwa abin miyar kuka ce da laushin wake, ita ke cin bakinsa a banza. In na cire ta, ya huta da ciwon baki, in ma daɗin ya ragu ya gaji ya bari gaba ɗaya. Ban tambayi kowa ba. Na cire, na barbaɗa ɗan garin shinkafa don a ga fari-fari.

Battar da kan yi masa kwana biyu ta koma ƙarewa kafin azahar. Ya cika kunci ɗaya, ya cika ɗayan, ya tofar, ya sake ɗiba. Ya yi wa Inna faɗa a kan gishirin miya, abin da bai taɓa yi ba. Ganyen da aka ajiye na wata guda ya ƙare cikin 'yan kwanaki. A lokacin kuwa motocin kudu ba sa tasowa daga Agadas sai a jere da rakiyar soja, saboda nakiyoyin hanya, kuma babu wanda ya san ranar da za su iso. Na zaga kasuwa kaf, ganye babu.

Da safe ina shara, bayan tankin ruwa, na tsinci guntun sigari uku. Ba ma mai farin kwali ba, tsohuwar tasa ce. Saura mako biyar a koma bizit.

Da la'asar Kawu ya zo. Baba ya miƙa masa battar ya ce, "Tabar taku ta mutu, na gaji." Kawu ya kakkaɓe ɗan garin da ya rage a tafinsa, ya lasa. Ya tofar.

"Wa ya daka?"

Na ce, "Ni."

"Ina kanwa?"

"Na cire. Tana cin bakinsa. Ai ƙarfin a ganye yake, mun karanta."

"Kai, ɗan boko," in ji shi, yana girgiza kai. "Jeka ka zuba shayi a ruwan randa ka kawo mini in sha. Ganyen shayin na nan, ko? To ina shayin? Kanwa ita ke fito da taba. Ka ba mutum ganye ba kanwa, ya ci buhu guda bai ji komai ba."

Baba ya dube ni ya daɗe. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Da kin gaya mini."

"Da na gaya maka, da ka yarda?"

"A'a."

Har Inna sai da ta yi dariya daga kicin.

Kawu ya kwance gefen rawaninsa, ya fito da ƙullin ganyen da yake tanadi, ya raba biyu ya tura mini rabi, shi da bai san ranar da wani zai zo ba. Ya ce in ragi nake so, ga yadda tsofaffinsu ke yi in haƙora sun fara motsi: a mayar da kanwa yadda take, duk Juma'a a ɓantare kamar ƙwayar gero, yawan ganyen kuma kada ya ƙaru. In mutum ya fara cika kunci biyu, an yi sauri, a koma baya.

Na ce, "A haka sai yaushe?"

Ya ce, "Ina za ka?"

Na daka a gabansu. Baba ya sa a kunci, ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka. Ya laluba aljihu ya ba ni kwalin sigarin da kansa, na jefa a murhu.

Ƙwayar gero ba komai ba ce, ni na sani, don duk Juma'a sai hannuna ya yi ƙaiƙayin ɓantarar babba. Sau ɗaya na yi, ranar Lahadi na ga kumatu biyu a cike, na mayar ba tare da kowa ya ce mini uffan ba.

Ranar bizit ya tafi da sassafe. Ni da Inna muka yi ta aikin da ba aiki ba, na wanke tukunya ɗaya sau biyu. Wajen azahar ya shigo da takarda a hannu, an buga mata hatimi. Ya ce ya hura bututun har idonsa ya yi duhu, likita ya ce da ƙyar, amma ya wuce. Likitan ya kuma sa shi ya buɗe baki, ya gaya masa wannan ma ba ta barin mutum lafiya, kada ya ɗauka ya tsira. Gaskiya ya faɗa, daga baya haƙoran Baba biyu sun tafi, kuma bai taɓa rabuwa da batta ba. Sigari dai bai ƙara kunnawa ba, gidan kuma muka zauna a cikinsa har ya yi ritaya.

Ranar, da ya gama ba da labari, ya cire takalmi, ya miƙo mini battar.

"Yau Juma'a ce, ko? Rage."

Na ɗauko kanwar na sa farce.

"Kaɗan fa. Ina ganinki."